Shekarar da Kwamfutar Memuna Ta Ƙi Tashi

Na sha jin ku, ku jikokina, kuna ba abokanku labarin shagon Memuna, kuna cewa wai kakanku Alhaji Issaka ne ya tofa wa kwamfutar addu'a ta tashi. Allah ya jiƙan Alhaji, mutum ne mai addu'a, amma lokacin da abin ya faru yana kasuwar doya yana cacar baki da wani direba. Ban san wanda ya ƙago wannan labarin ba, ko da yake ina zargin shi kansa marigayin, domin duk sanda aka faɗa a gabansa sai ya shafa gemu ya yi shiru. Tunda Allah ya bar ni da raina da hankalina, bari in gaya muku yadda aka yi. Memuna ce ke buga abin da nake faɗa, na kuma ja mata kunne kada ta rage komai, har wuraren da ba su yi mata daɗi ba.

Ni mutuniyar Bawku ce, kun sani. Mahaifina fataucin shanu da albasa yake yi, Hausar da na tashi da ita kuwa ta kasuwa ce, wadda ake sayar da akuya da ita a rabu lafiya. A can ba mu damu da raba mace da namiji a magana ba, kowa "shi" ne, kowa "ya" ne, kuma ba a taɓa rasa gane juna ba. Sai aure ya kawo ni Salaga, gidan jikokin fataken goro, mutanen da ke riƙe da Hausarsu kamar kayan gado. Ina amarya, wata baƙuwa ta tambaye ni ina uwar mijina, na ce ya tafi kasuwa. Ashe tsohuwar tana bayan ƙofa tana jina.

"Wa ya tafi? 'Yar nan, ni dai tun da aka haife ni mace ce, ban san ko yau aka sauya ni ba."

Gidan ya ɗauki dariya, ni kuwa na shige ɗaki na sha kuka. Daga ranar na sa wa harshena linzami. Na koya da kunne, na koya da kunya, har na kai inda baƙo ba zai gane daga ina na fito ba sai in raina ya ɓaci. Da na haifi 'ya'ya na rantse ba wanda zai yi musu irin dariyar da aka yi min. Memuna, autata, da ta yi kuskure zan gyara mata tun kafin ta rufe baki, shi ya sa ta tashi da Hausa tsaf, har ta fi ta ubanta.

Akwai kuma Abiba, ƙanwar Alhaji, da ke aure a Yendi tana da shagon atamfa. Allah bai ba ta haihuwa ba. Ranar sunan Memuna ta ɗauki jaririyar ta ce wannan tata ce, Alhaji kuma ya ce ya ba ta, a gaban dangi. Haka al'adar take, gwaggo tana da hakki a kan 'yar ɗan'uwanta, ni ma a lokacin ban ce uffan ba. Sai dai kowace shekara ina samun dalili. Yarinya ba ta gama shan nono ba, yarinya ta shiga makaranta, yarinya za ta yi jarrabawa. Abiba ba ta taɓa ɗaga min murya ba, kayan salla kawai take aikowa tana jira. Da Memuna ta gama karatun kwamfuta a Tamale ta dawo gida, dalilaina suka ƙare. Abiba ta aiko cewa da zarar sabuwar doya ta shigo kasuwa za ta zo ta ɗauki 'yarta, ta riƙe mata shago.

Memuna kuwa da nata shirin ta dawo. Ta lura mutanen Salaga na shan wahala a kan buga takarda da cike fom da duba sakamakon jarrabawa, wani lokaci sai an yi tafiya mai nisa a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Tana so ta buɗe wurin yin wannan aikin a zauren gidanmu. Sabuwar kwamfuta ta fi ƙarfinta, don haka ta riƙa tara kayan cikinta ɗaya bayan ɗaya, direbobin motar doya suna sayo mata daga Kumasi. Har babbar salularta mai hoto ta rabu da ita, ta koma riƙe ƙarama mai maɓallai. Ranar da ta gaya wa ubanta, ina zaune ina tsince wake.

"Baba, ina son Gwaggo, Allah ya sani. Amma ban iya auna yadi ba. Wannan aikin shi na iya."

"Kin iya? Waɗannan tarkacen da ke cikin kwalaye su ne za su zama kwamfuta?"

"Ni zan haɗa ta da hannuna."

Alhaji ba mugu ba ne, amma ya yi wa ƙanwarsa alkawari a bainar jama'a, kuma a ransa bai yarda 'yar da ya goya a kafaɗa za ta iya haɗa inji ba. Can ya yanke hukunci yana kallon ƙasa: idan kwamfutar ta yi aiki kafin Abiba ta iso, zaure na Memuna ne, shi zai san abin da zai gaya wa ƙanwarsa. Idan ba ta yi ba, Memuna ta shiga mota ba gardama. Sannan ya juyo gare ni, don ya san inda matsalar take, ya tambaye ni ko na yarda. Na ce na yarda. Ban taɓa ɗaukar ɓangare a kan maganar danginsa ba sai ranar.

A ɗakina ta yi haɗin, a kan teburin da nake ajiye kwanukan tangaran. Ta wanke hannu, ta shimfiɗa kwali, ta hana kowa shiga sai ni. Na zauna a bakin gado ina kallon ikon Allah. Akwai wani koren allo mai zane-zane da ta ce shi ne tushen komai, ta ɗaure shi a cikin akwatin ƙarfe da ƙananan kusoshi. Akwai ƙaramin akwati mai fanka da ke raba wuta, wayoyi sun fito daga cikinsa tamkar gashin da ba a kitsa ba. Komai a hankali take taɓa shi, tana ɗauke numfashi, domin ta san in abu ɗaya ya karye ba ta da wani. Da ta gama ta rufe akwatin, ta jona wuta, ta ce in yi bisimilla. Na yi. A gaban akwatin akwai maɓallai biyu, babba da ƙarami. Ta danna babban, ya ce ƙas. Muka jira. Fanka ba ta motsa ba, fitila ba ta kama ba, gilashin kwamfutar da ke kan tebur yana nan baƙi ƙirin, ba abin da muke gani a ciki sai fuskokinmu.

Ba ta firgita ba da farko. Ta ce abu ne ƙarami, za ta bi shi daki-daki yadda aka koya musu. Ta ɗauko dutsen gugata ta jona a soket ɗin, ya yi zafi, wuta dai akwai. Ta duba wani makunni a bayan akwatin, a kunne yake. Ta sauya igiyar da ke zuwa bango, ta aro ta maƙwabcinmu mai walda, duk ɗaya. Ta ciro akwatin da ke raba wuta ta gwada shi shi kaɗai da wata dabara ta lanƙwasa ƙarfe, fankarsa ta juya, muka yi murna kaɗan, ta mayar da shi, shiru. Ta zare wasu sanduna siriri daga jikin allon ta hure su ta mayar. Ta bi ƙananan wayoyin da ke zuwa maɓallan gaba tana duba littafin da ya zo da allon, ta ce duk suna inda ya kamata. Kwanaki suka yi ta tafiya a haka. Da safe ta buɗe, da yamma ta rufe, abincinta yana sanyi a bakin ƙofa. Ni kuma duk motar doyar da na gani cike a kasuwa sai in tuna da Abiba, domin sabuwar doya ta fara shigowa.

Mutanen gida kowa ya zama masani. Wata ta ce a yi turare, wani ya ce ai wutar Salaga ba ta da ƙarfin tada irin wannan. Alhaji in ya dawo sai ya tsaya a ƙofa ya leƙa.

"Har yanzu barci take?"

"Za ta tashi, Baba."

"To, Allah ya tashe ta lafiya. Gwaggonki ta bugo, jibi tana hanya."

Ni na tuna da Fuseini, ɗan yayata, wanda ke gyaran salula da kwamfuta a bakin kasuwar Bawku, magidanci ne har da 'ya'yansa. Memuna ba ta so, wai kada a ce wani ya yi mata aikinta. Na ce mata tambaya ba ta rage wa kowa tsawo, na buga masa da kaina na miƙa mata. Ta buɗe muryar salular don hannayenta su samu aiki, shi ya sa na ji komai. Layin ba kyau, ga hayaniyar kasuwa a bayansa, ga wani yana ta kiransa. Ta lissafa masa duk abin da ta gwada, soket, makunni, wayoyi, maɓallai.

"Sista Memuna, ka ji ni? Akwai biyu, babban da ƙaramin. Babban nan fa, ka danna shi da ƙarfi? Sai ka ji ya ce ƙas."

Memuna ta miƙa yatsa ta danna babban maɓallin nan na gaba da ƙarfinta.

"Na danna. Ya ce ƙas."

"Ya ce ƙas, kuma fanka bai juya ba?"

"Ko motsi."

"Kai. In ya ce ƙas kuma bai tashi ba, to allon ya mutu ke nan. Sori, Sista. Sai ka mayar Kumasi, in za su karɓa." Sannan ya ce, "Inna fa, yana lafiya? Ka gaishe shi da kyau."

Alhaji na tsakar gida yana alwala, ya jiyo wannan gaisuwar ya bushe da dariya, ya ce a gaya wa Malam Inna, wato ni, ana gaishe shi daga Bawku. Ni ban yi dariya ba, ina kallon 'yata. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta rufe akwatin a hankali, ta lulluɓe shi da zane, ta jawo jakarta daga ƙarƙashin gado ta fara ninke kaya. Zuwa Kumasi da dawowa, ga tsallake kogi a jirgin ruwa, ba zai yiwu kafin jibi ba. Na ji tausayinta har cikin ƙashina, na kuma ji haushin kaina da na kira mata wanda ya yanke mata ƙauna.

Washegari da hantsi ina wanke-wanke, zolayar Alhaji na ta yi min yawo a kai. Malam Inna. Na ce a raina, yaron nan bai yi laifi ba, haka muke magana, ni ma da haka na zo. A bakin Fuseini ni "shi" ce, fanka ma ya ce bai juya ba. Sai hannuna ya tsaya a cikin ruwan kumfa. In ni "shi" ce a wurinsa, to wane ne kuma wancan "shi" da ya ce a danna? Ban san komai game da kwamfuta ba, har gobe ban sani ba, amma na san bakin mutanena. Na shiga ɗaki da kumfa a hannu, na tarar da ita zaune kusa da jakarta.

"Memuna, a cikin akwatin nan, akwai wata babba mace?"

"Mma, wace irin tambaya ce wannan?"

"Amsa min. Abu biyu, babba da ƙarama, wanda ke da kanki za ki ce 'ita'. Ɗan'uwanki bai san 'ita' ba. Ko uwarsa 'shi' yake ce mata."

Ta zuba min ido. Na ga bakinta yana motsi ba sauti, sannan ta ce, "Waya." Wayoyi biyu ne ke kai wuta jikin allon, babba da ƙarama. Da a ce Fuseini ya ce babbar nan, ki danna ta, da tun jiya ta gane. Amma ya ce babban, ya ce shi, kunnen da na raina da hannuna kuwa bai yarda waya ta zama namiji ba, sai ya kai ta ga maɓalli. Ta yaye zanen, ta zare igiyar bango, ta buɗe akwatin, ta haska da tocila. Kan babbar wayar yana da faɗi, kuma a ido ya shiga raminsa, ko ni zan rantse ya shiga. Sai da ta kwantar da kanta ta duba ta gefe ta ga ɓangare ɗaya ya ɗan ɗago, 'yar ƙugiyar da ke riƙe shi ba ta kama ba. Duk lokacin da ta cire ta mayar, tana jin ya yi tauri sai ta tsaya, don tsoron kada allon ya tsage.

"Mma, in na danna ya karye fa?"

"An riga an ce miki ya mutu. Me kuma ya rage ki ji tsoro? Danna."

Ta tallafe gefen allon da yatsunta, ta ɗora babban yatsa a kan wayar, ta runtse ido ta danna. Na ji ƙas ɗin da kunnena, ƙarami, ba irin na maɓalli ba. Ta jona wuta, ko akwatin ba ta rufe ba, ta taɓa maɓallin gaba. Fanka ta juya. Wata fitila shuɗiya ta kama, injin ya yi ƙara sau ɗaya, fararen rubutu suka bayyana a gilashi. Memuna ta zube a ƙasa ta rungume ƙafafuna, sai a lokacin kukan ya zo. Ni kuwa na rangaɗa guɗa irin ta Bawku, wadda rabona da ita tun ina budurwa, har maƙwabta suka shigo a guje suna tambayar wa ya haihu.

Da Alhaji ya dawo daga kasuwa ya tsaya a ƙofa kamar kullum, amma bai yi tambayarsa ba. Ya daɗe yana kallon gilashin. Aka ba shi labarin babban da babbar, ya yi dariya har da hawaye, ya ce ashe Hausar Bawku ma tana da ranarta. Sannan ya sa aka kwashe tsofaffin kwandunan goron mahaifinsa daga zaure, waɗanda ba wanda ya isa ya taɓa a da, aka share, aka shigar da tebur. Na ga farin ciki a fuskarsa, na kuma ga damuwa, don ya tuna gobe.

Abiba ta iso kafin azahar a motar da ta ɗauko shata tun daga Yendi. Ta shigo da fara'arta, da tsarabarta, tana ba mu labarin ɗakin da ta gyara wa Memuna, ta sa an yi masa fenti ruwan ganye, ta sayi sabuwar katifa da labule. Alhaji, wanda ya ce shi zai san abin da zai faɗa, ya ce bari ya je masallaci tun ba a kira salla ba. Ni aka bari. Na kama hannunta na kai ta zaure, na gaya mata gaskiya duka, ban ɓoye cewa ni na tsaya wa yarinyar ba. Ta kalli kwamfutar tana ta ƙugi a kan tebur, ta kalli Memuna da ke durƙushe kanta a ƙasa.

"Ke kika haɗa wannan?"

"Ni ce, Gwaggo."

"Da hannunki?"

"Da hannuna."

Ta gyaɗa kai. Ba ta yi faɗa ba, ba ta tuna wa kowa alkawari ba, kuma da ta yi faɗan da ya fi min sauƙi. Ta ce Allah ya sa albarka, ta ci abinci kaɗan, ta ce za ta koma kafin duhu. Alhaji ya rasa abin da zai yi da kunyarsa, sai ya sa aka zaɓo manyan doya aka cika kujerar baya, inda da Memuna ce za ta zauna. Da motar ta tashi na matsa kusa da taga don in yi mata sallama. Ba ta kalle ni ba, gaba take kallo.

"Ki kula min da 'yata," in ji ta.

Shagon ya yi albarka, kun gani da idonku, a cikinsa wasunku suka fara taɓa kwamfuta. Ban yi nadama ba, ko yau aka sake zan tsaya inda na tsaya. Amma Abiba ta yi shekaru ba ta taka Salaga ba, sai bikin Memuna ya dawo da ita, kuma ko da muka shirya ba mu taɓa tada maganar ba. Abin da nake so ku sani shi ne, murnar da muka yi a gidan nan akwai wadda ta ɗauki nauyinta ita kaɗai a hanyar Yendi. Tana nan da ranta, idonta ya yi rauni, ta bar shagon atamfa. Da na je duba ta bara na ga ɗakin nan mai fenti ruwan ganye, a share yake tsaf, kuma har yau ba ta sa kowa a ciki ba. Hutun makaranta ya kusa. Ina so ɗayanku ya je ya kwana a cikinsa.